Maimaicin Ma'ana a Takardar Neman Ra'ayin Abokan Ciniki

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ɗan kasuwar Magarya ko Dungas mai hulɗa da Babura da Maigatari zai iya buƙatar tambayar abokan cinikinsa ra'ayinsu da Ingilishi. A nan ne maimaicin ma'ana kan ɓata saƙo.

Maimaicin ma'ana shi ne haɗa kalmomi biyu alhali ɗaya ta ƙunshi ɗayar. A jimlar "reply back with your personal opinion", amsa da ma komowa take yi, ra'ayin mutum kuwa nasa ne. Kalmomi biyu sun zama kaya. Wannan ya saɓa ƙa'idar Paul Grice ta 1975, cewa kada bayani ya wuce buƙata.

Sai dai ba kowane maimaici ne aibi ba. Ninkin Hausa, kamar "maza-maza" ko "iri-iri", ƙara ma'ana yake yi, gaisuwa kuma ladabi ce. Ma'aunin dai shi ne a cire kalmar a gani: in tambayar ba ta rasa komai ba, a bar ta a cire. Mai saye yana sauri, doguwar tambaya kuwa sau da yawa ba ta samun amsa.