Yadda Jamusanci Yake Gina Kalmomin Mutuwa

Jamusanci harshe ne da ya yi fice wajen ɗinke kalmomi biyu ko uku su zama kalma guda, kuma a fagen mutuwa yawancin irin wannan ɗinki yana tasowa ne daga tushe uku: Tod, wato mutuwa ita kanta, da tot, wato matacce, sai aikatau sterben, wanda yake nufin mutum ya mutu. Biyun farko furucinsu ɗaya ne, domin Bajamushe yana furta "d" ta ƙarshen kalma kamar "t", don haka sai a rubuce ake rarrabe su.

Abin sha'awa shi ne kowane tushe yana da nasa hurumin. Idan mutuwar ake nufi sai a ce Todesursache, sanadin mutuwa, ko Todesstrafe, hukuncin kisa. Idan kuwa mamatan ake nufi sai a ce Totengräber, mai haƙa kabari. Amma idan ana maganar wanda yake kan gargara, to Sterbebett ake cewa, wato shimfiɗar da zai cika a kanta. Haka kuma sifa takan ɗauki tod domin ƙarfafa ma'ana, kamar todmüde, wanda ya gaji tiɓis, alhali aikatau yakan ɗauki tot, kamar totschweigen, wato a kashe zance ta hanyar yin gum da baki.

Kamar yadda Bahaushe yake fifita "ya rasu" a kan "ya mutu" saboda ladabi, haka Bajamushe yake cewa verstorben, yana kiran marigayi der Verstorbene, yayin da verenden ta dabbobi ce, soja kuma da ya mutu a fagen fama gefallen ake ce masa, wato ya faɗi.

Sai dai inda zaɓin kalma ya fi nauyi shi ne inda tarihi ya bar tabo. Daga 1939 zuwa 1941 gwamnatin Nazi ta hallaka naƙasassu da masu taɓin hankali kimanin 70,000, ta lulluɓe wannan ta'asa da sunan Euthanasie, kalmar Girkanci mai nufin mutuwa cikin sauƙi. Saboda wannan ƙazanta da aka shafa mata, likitoci da 'yan majalisar Jamus a yau suna kauce mata, suna amfani da Sterbehilfe, wato taimako ga wanda yake bakin mutuwa.