Ma'anar Tagwayen Kwamfuta a Ilmin Sarrafa Bayanai

A cikin watan Afrilu na 1970, tankin iskar shaƙa ya fashe a kumbon Apollo 13, alhali yana da nisan fiye da kilomita 300,000 daga duniya, ɗauke da mutum uku. Injiniyoyin hukumar NASA ta Amurka ba su da ikon taɓa kumbon. Amma suna da na'urorin kwaikwayonsa a ƙasa. Sai suka daidaita su da bayanan da kumbon ke aikowa, suka riƙa jarraba dabarun ceto a kansu kafin su ba matuƙan umurni. Ran 17 ga watan mutanen suka sauko lafiya. Masana da dama na ɗaukar wannan a matsayin mafarin abin da ake kira tagwayen kwamfuta.

To, mece ce ma'anarsu? A shekarar 2002 Michael Grieves ya bayyana tsarin a Jami'ar Michigan, sunan kuwa ya bazu ne daga NASA a 2010. Bisa bayaninsa, rukunai uku ne ke haɗuwa. Na farko shi ne abu na zahiri, kamar injin jirgin sama ko gada. Na biyu shi ne kwatankwacinsa da aka gina da lissafi a cikin kwamfuta. Na uku kuwa shi ne bayanan da ke kai da kawowa tsakaninsu.

Wannan rukuni na uku shi ne ƙashin bayan ma'anar. Zanen gini ko taswira kwatanci ne kawai, domin ko ginin ya tsage, zanen na nan yadda yake. Ɗan tagwayen kwamfuta kuwa yana canzawa tare da ɗan'uwansa. Alal misali, kamfanin Rolls-Royce na sanya na'urorin awo a injinan jiragen sama, su auna zafi da girgiza da matsin iska. Alƙaluman su shiga kwatankwacin injin, shi kuma ya nuna ɓangaren da ya fara gajiya, a gyara shi tun bai lalace ba. Wato bayani ya tafi, shawara ta dawo. Aikin masanin bayanai a nan shi ne tace alƙaluman, da gina lissafin hasashe, da gwada hasashen da abin da ya faru a zahiri.

Sai dai akwai sharaɗi. Gaskiyar ɗan tagwaye ba ta wuce gaskiyar alƙaluman da aka ba shi. In na'urar awo ta lalace, ko ma'aikaci ya cika rajista da ƙiyasi, kwamfuta za ta ci gaba da nuna gada lafiyayya alhali ta ainihin tana rubewa. Saboda haka duk hukumar da ke sha'awar wannan fasaha, wajibi ne ta fara da gyara yadda take awo da adana bayanai, tun kafin ta sayi kwamfuta ko ɗaya.