Takobin Samurai, Mutuwar Bruce Lee da Sauran Labaran Gidan Kallo: Wanne Ne Gaskiya?

Duk wanda ya tashi yana tara 'yan kuɗinsa don shiga gidan kallo ya san cewa fim ɗin Chanis ba ya ƙarewa da mutuwar bos. Ana watsewa sai a koma dandali a buɗe sabon babi. Wannan ya rantse cewa takobin samurai yana raba bakin bindiga gida biyu, wancan ya ce Bruce Lee ɓuya ya yi, bai mutu ba. A irin wannan majalisa na tashi, kuma son waɗannan finafinai ne ya kai ni wurin koyon karate. A can ne, bayan zufa da ciwon gaɓoɓi, na fara rarrabe abin da jikin ɗan Adam ke iya yi da abin da kyamara ke yi masa.

Yau labaran sun bar dandali sun koma WhatsApp da TikTok, har da hoto da bidiyo. Wasunsu gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuwa ƙanzon kurege ne zalla. Kafin mu tankaɗe su, a gyara abu ɗaya: ba duk mai tsalle yana duka ne ɗan Sin ba. Kung fu na Sin ne, taikwando na Koriya, samurai da ninja da judo kuwa na Japan ne. Karate ta fito daga tsibirin Okinawa da tasirin Sinawa a jikinta, Gichin Funakoshi ya nuna ta a Tokyo a 1922.

"Takobin samurai yana yanke komai, don an ninka ƙarfensa sau dubu"

Akwai gaskiya a ciki, amma an yi mata gishiri. Maƙeran Japan ba su da tama mai kyau, sai baƙin yashi mai ɗauke da ƙarfe. Sukan narka shi a wani murhun yumɓu da ake kira tatara har kusan kwana uku, su sami ƙarfen da suke kira tamahagane. Wannan ƙarfe yana fitowa da datti, wani sashe mai tauri, wani mai laushi. Don haka maƙeri ke dukan sa, ya ninka, ya sake duka, har ya tsabtace ya daidaita. Ninkin bai cika wuce sau 10 zuwa 15 ba. To ina dubun ta fito? Kowane ninki yana ruɓanya falle-fallen ƙarfen, don haka ninki 15 yana ba da falle 32,768. Fallen ne dubbai, ninkin kaɗan ne.

Gwanintar gaske tana wajen tsoma takobi a ruwa. Maƙeri yakan shafa yumɓu mai kauri a bayan takobin, siriri a bakinsa. Idan ya tsoma shi da zafinsa, bakin ya huce da sauri ya yi tauri, bayan ya huce a hankali ya riƙe laushinsa don kada ya karye. Wannan aiki abin a sara masa ne. Sai dai ƙarfe ƙarfe ne. Bakin da ya yi tauri yana ɓantarewa idan ya haɗu da sulke ko wani takobin, shi kansa takobin yana lanƙwashewa idan sara ya karkace. Batun raba dutse ko bakin bindiga aikin masu haɗa fim ne.

"Samurai ba ya taɓa bindiga, abin kunya ne a wurinsa"

Ƙarya ce, kuma fim ɗin The Last Samurai na 2003, wanda Tom Cruise ya fito a ciki, ya taimaka wajen dasa ta a zukata. Tun asali ma ba takobi ne babban makamin samurai a fagen fama ba. Na farkonsu mahaya dawaki ne masu kwari da baka, daga baya mashi ya mamaye filin daga. Takobi makamin kusa ne, kuma alamar matsayi.

A 1543 wasu Turawan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima ɗauke da bindigogin toka. Maƙeran ƙasar suka kwaikwaya, cikin 'yan shekaru bindiga ta bazu ko'ina. A yaƙin Nagashino na 1575, Oda Nobunaga da Tokugawa Ieyasu sun girke 'yan bindiga a bayan shingen katako, suka karya rundunar Takeda Katsuyori da ta yi suna da dawakai. Hatta tawayen da fim ɗin ya ɗauko labarinsa, wato na Saigo Takamori a 1877, mayaƙansa sun yi amfani da bindigogi da igwa. Sai da harsashi ya ƙare musu a tudun Shiroyama sannan suka zare takubba suka kai farmakin ƙarshe. Wannan farmaki ya faru. Ƙyamar bindiga ce ba ta faru ba.

"Samurai ba ya cin amana"

Haka ake so ya kasance, amma tarihi ya nuna mutane ne kamar kowa. Nobunaga ɗin nan, barden da ya yarda da shi, Akechi Mitsuhide, shi ya yi masa ƙawanya a haikalin Honno-ji a 1582, ya mutu a can. A yaƙin Sekigahara na 1600, wanda ya buɗe wa gidan Tokugawa hanyar mulki, sauya sheƙar Kobayakawa Hideaki ana tsakiyar gumurzu na cikin abin da ya juya yaƙin. Mafi yawan abin da ake karantawa kan bushido, wato ɗabi'ar mayaƙi, an rubuta shi ne a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da aka daɗe ba yaƙi, samurai da dama suka koma ma'aikatan fada masu riƙe da alƙalami. Littafin da ya yaɗa kalmar a duniya kuwa, Nitobe Inazo ya rubuta shi da Turanci wajejen 1900, bayan gwamnati ta hana samurai yawo da takobi tun 1876.

"An taɓa yin baƙar fata a cikin mayaƙan Japan"

Wannan gaskiya ce, ko da yake ita ce mutane suka fi ƙaryatawa. Sunansa a rubuce-rubucen zamanin Yasuke. Ya isa Japan a 1579 tare da wani limamin Kirista ɗan Italiya, Alessandro Valignano. A 1581 aka kai shi gaban Nobunaga, wanda ya sa aka cuɗe masa jiki don yana zaton tawada ce aka shafa masa. Da ya tabbatar halittarsa ce, sai ya ɗauke shi cikin mutanensa, ya ba shi gida da albashi da gajeren takobi. Yana nan ranar da aka ci amanar ubangidansa a 1582, ya kuma yi faɗa a ɓangarensa. Bayan haka aka mayar da shi hannun limaman Kirista, daga nan rubutun tarihi ya yi shiru a kansa. Sauran abin da ake gani a zanen Netflix na 2021 da wasannin kwamfuta ƙarin masu ƙirƙira ne.

"Ninja yana sa baƙaƙen kaya, yana ɓacewa cikin hayaƙi"

An yi ninja, kuma yankunan Iga da Koga sun yi suna da su. Aikinsu leƙen asiri ne da kai saƙon sirri da cinna wa sansanin abokan gaba wuta. Mai irin wannan sana'a shigar manomi ko ɗan kasuwa ko mai ziyarar ibada ta fi yi masa amfani, domin wanda ya rufe fuska da baƙin ƙyalle a kasuwa shi za a fara kamawa. Siffar da muka sani ta fito ne daga zane-zane da wasan dandamali na baya, sannan finafinai irin su Enter the Ninja na 1981 da American Ninja na 1985 suka tabbatar da ita. Layar zana kuwa ba ta cikin horonsu.

"Kashe Bruce Lee aka yi, kuma akwai baki a kan zuriyarsa"

Babu labarin da ya kai wannan yawo. Ga abin da aka tabbatar. An haife shi a San Francisco a 1940, ya tashi a Hong Kong, ya koyi salon Wing Chun a hannun Ip Man. A watan Mayun 1973 ya yanke jiki ya faɗi yana aikin ɗora murya a fim, likitoci suka gano kumburi a ƙwaƙwalwarsa. Ranar 20 ga Yuli na shekarar ya sha maganin ciwon kai mai suna Equagesic, ya kwanta, bai tashi ba. Shekarunsa 32. Binciken gawa ya nuna kumburin ƙwaƙwalwa, hukuma kuma ta ɗora alhakin a kan yadda jikinsa ya ƙi maganin. Ba a sami wata shaidar guba ko duka ba. Kabarinsa yana birnin Seattle.

Abin da ya hura wutar "bai mutu ba" shi ne kasuwa. Bayan rasuwarsa masu shirya fim suka riƙa fito da masu kama da shi da sunaye irin su Bruce Li da Bruce Le. Fim ɗin Game of Death, da bai kammala ba, an ƙarasa shi a 1978 da wasu mutane a madadinsa. Mai kallo da ke ganin "sabon Bruce Lee" kowace shekara, ina zai yarda an binne shi? Haka nan bidiyon da ake turawa yana buga ƙwallon tebur da sandunan nan biyu masu sarƙa: tallar wayar Nokia ce ta 2008, shekara 35 bayan mutuwarsa, wani ne ya yi shigarsa, aka haɗa ƙwallon da kwamfuta.

Ɗansa Brandon ya mutu ranar 31 ga Maris 1993, yana da shekara 28, ana ɗaukar fim ɗin The Crow a Amurka. Kan harsashi ne ya maƙale a bututun bindigar da ake amfani da ita a fim ɗin ba a duba ba, da aka ɗura mata harsashin ƙara aka harba, sai ya fito da ƙarfi ya same shi a ciki. Ajali ne ya zo ta hanyar sakaci. Idan muka ce baki ne, mun wanke masu sakacin ke nan.

"Jackie Chan shi ke yin duk tsallensa da kansa"

Kusan gaskiya. A Police Story na 1985 ya sulalo ta jikin wani dogon ƙarfe da aka kewaye da fitilu, ya ƙone tafukan hannunsa. Wajen ɗaukar Armour of God a Yugoslabiya ya faɗo daga bishiya ya fasa ƙoƙon kai, sai da aka yi masa tiyata. Amma yana da ƙungiyar masu tsalle da yake aiki da su, kuma akwai wuraren da wani ya tsaya a madadinsa. Shi kansa ya taɓa yin wannan aikin, har ya sha duka a hannun Bruce Lee a Enter the Dragon. Gwanintarsa kuwa daga makarantar wasan dandamali ta fito, inda ya shafe kimanin shekara goma yana horo tun yana yaro.

"Wannan fim ɗin tsoro labarin gaskiya ne"

A nan ƙaryar daga masu fim ɗin take fitowa da gangan, domin tsoro ya fi shiga idan aka ce abin ya faru. Masu The Blair Witch Project na 1999 sun yaɗa sanarwa cewa 'yan wasan fim ɗin su uku sun ɓace a daji, alhali suna nan da ransu. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 ya buɗe da iƙirarin gaskiya, amma ba a yi kisan da ya nuna ba. An ɗan ari wasu siffofi ne daga Ed Gein, wanda aka kama a jihar Wisconsin a 1957. Shi kuwa Ringu na Japan, na 1998, mai kaset ɗin da ke kashe wanda ya kalla bayan kwana bakwai, daga littafin Koji Suzuki na 1991 aka ɗauko shi. Yarinyar da ke fitowa daga rijiya a fim ɗin tana da kaka a tatsuniyarsu, wato Okiku, baiwar da aka ce an jefa a rijiya. Tatsuniya ce, kamar yadda muke da tamu Dodanniya.

Abin da ya sa na damu

Ba don in rage wa kowa daɗin kallo na kawo wannan ba. Har gobe ina komawa kan Seven Samurai na Akira Kurosawa. Damuwata yaran da ke shigowa koyo ne da tunanin cewa akwai wani asiri da za a ba su a mako biyu, da waɗanda ke dirowa daga katanga suna kwaikwayon abin da aka ɗauka da igiya da katifa. Babu wanda zai yaudare mu game da dambe, domin mun tsaya a da'ira mun ga yadda ƙato ke gajiya, yadda kwab ɗaya ke kai shi ƙasa. Jikin ɗan Japan da na ɗan Sin ma haka suke.

Ko baƙin bel ɗin nan da muke ɗauka ƙarshen gwaninta, Jigoro Kano ne, wanda ya kafa judo a 1882, ya fito da tsarinsa don ya san matakin ɗalibansa. Sunan matakin farko na baƙin bel a harshensu shodan, ma'anarsa matakin farko. Wanda ya ɗaura shi, ranar ce ya zama ɗalibi na sosai, kuma washegari da sassafe ana jiran sa a filin horo kamar kowa.