Lemon Tsami Da Mai Juna Biyu

Uwargida, da wuya mu yi ranar awo ba a samu wadda ta tambaye mu ko lemon tsami yana zubar da ciki ba. Wata baiwar Allah daga Zakirai ta ce min wata biyar rabonta da shi, domin surukarta ta hana ta, ga shi kuwa jininta ya yi ƙasa. To a sani, ɗan abin da ake matsawa a kunu ko abinci ba ya kawo ɓari.

Asalin wannan bishiya kudu maso gabashin Asiya ne, wajejen Indunusiya da Maleshiya. Fatake Larabawa ne suka kai ta Masar da arewacin Afirka, shi ya sa ma sunan lemo ya yi kama da "laimun" na Larabci. Gajeriyar bishiya ce mai ƙaya, tsawonta mita 3 zuwa 5, furenta fari, ganyenta mai ƙamshi idan an murza. Ɗan nata kore ne mai siririn ɓawo, yana komawa ruwan ɗorawa idan ya nuna.

Babban amfaninsa gare ki shi ne sinadarin bitamin C. Wake, zogale da alayyahu suna ɗauke da sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, amma hanji ba ya iya tsotse shi sosai sai da taimakon bitamin C. Don haka ki matsa rabin lemo a kan kwaɗon zogale ko faten wake, amma bayan an sauke daga wuta, saboda zafi yana kashe sinadarin. Haka nan ƙwayar ƙarin jini da muke ba ki, ki sha ta da ruwan da aka ɗiga wa lemo, kada ki kora da shayi, domin shayi yana tare ayon. Giram 100 na ruwan lemon tsami na da kimanin miligiram 30 na bitamin C, ke kuwa kina bukatar wajen 85 a rana, saboda haka ki haɗa da gwaiba da tumatir.

Sai dai a kula. Shan sa tsagwaronsa yana tayar da ƙwannafi, yana kuma cin haƙori. Kada ki yi tsarki ko matsi da shi, yana ƙona fatar ciki ya buɗe wa cuta ƙofa. Kada a sa wa jariri a ido ko a cibiya. Idan zazzaɓi ya kama ki, asibiti za ki zo a gwada jini, ba dafa ganyen lemo ba.

Maigida, kai ma ga naka. Yawancin lemon da ake saya a kasuwa daga nesa ake kawo shi ta 'Yan Lemo a Kano, alhali ƙasar jigawa irin ta Zakirai tana karɓarsa, tunda ba ya son inda ruwa ke kwanciya. A haƙa rami zurfin gwiwa a farkon damina, a cakuɗa ƙasar da takin da ya ruɓe, a dasa, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Da rani a riƙa ba shi ruwa sau biyu ko uku a mako, ban da ruwan wanki mai sabulu. Wanda aka yi wa aure yakan fara 'ya'ya a shekara 2 zuwa 3, na ƙwallo kuwa yakan kai 4 ko 5.