Famfo Mai Zugazugi: Yadda Ake Haɗa Bututun Shiga da na Fita

Yau za mu ɗan ajiye batun waya, mu leƙa wata na'ura ta masana'antu. Idan kana aiki a gidan ruwan leda ko wurin haɗa sabulun ruwa a Kawo, Badarawa ko Unguwar Dosa, za ka iya cin karo da ƙaramin famfon da ke tura sinadari kamar kulorin daidai gwargwado. Wani nau'insa shi ne famfo mai zugazugi. Sau da yawa idan ya ƙi aiki, laifin ba nasa ba ne, na haɗin bututu ne.

Yadda yake aiki

Ka tuna zugazugin maƙera. A cikin famfon akwai wata jaka mai lanƙwasa da mota ke buɗewa tana matsewa. Idan ta buɗe, ruwa ya shigo ta bawul ɗin shiga. Idan ta matse, wannan bawul ya rufe, ruwan ya wuce ta bawul ɗin fita.

Abin lura shi ne famfo ba ya jan ruwa da ƙarfinsa. Gurbi kawai yake buɗewa, iskar da ke danne saman ruwan ita ke tura shi sama. Masanin Italiya Torricelli ne ya nuna haka a 1643. A bakin teku, iska ba ta iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10.3. Kaduna kuwa tana kan tudu, kusan mita 600 sama da teku, don haka iyakar ta sauko ƙasa da mita 10. A aikace ma ba a kusantar wannan adadi, ƙananan famfunan sinadari ɗan tsayi kaɗan suke iya ɗagawa.

Ɓangaren shiga

1. Ajiye famfon kusa da tanki. Mafi kyau ma ya kasance ƙasa da saman ruwan, yadda ruwa zai gangaro masa da kansa.
2. Bututu ya zama gajere, miƙaƙƙe. Kowace kwana tana rage ƙarfin ruwa.
3. Kada faɗinsa ya gaza bakin famfon. Idan za ka sayi kaya a Fanteka, ɗauki hoton lambobin da ke jikin famfon da wayarka ka tafi da shi.
4. Kada ka sa tiyo mai laushi, domin yana shafewa idan famfo ya zuƙa.
5. Idan tanki na ƙasa da famfo, sa bawul mai rariya a ƙarshen bututun, ka ɗaga shi kaɗan daga gindin tanki don kada ya kwashi laka.
6. Toshe duk wata kafar iska. A nan ɓangaren, kafa ba ta ɗigar da ruwa balle ka gan ta, iska take zuƙa. Kumfa a cikin tiyo mai haske ita ce alamar.

Ɓangaren fita

Nan ne haɗarin yake. Irin wannan famfo yana tura ruwa ne ko da hanya a rufe take. Idan ka rufe bawul ɗin fita yana cikin aiki, matsi zai taru har tiyo ya fashe ko jakar ta yage, sinadari ya watsu wa na kusa a fuska. Saboda haka:

1. Sa bawul ɗin sakin matsi kusa da famfon, ka mayar da bututunsa cikin tanki.
2. Idan inda kake kai sinadarin ya fi tanki ƙasa, zai riƙa zuba da kansa ko famfo a kashe yake. Hakan kan sa kulorin ya yi yawa a ruwan da mutane za su sha. Bawul mai riƙe matsi shi ke hana wannan.
3. Ruwan yana fita ne bugu-bugu, bututu na girgiza. Ɗaure shi da bango, kada nauyinsa ya hau kan famfon.

Gwaji da wayarka

Fara gwadawa da ruwa zalla, ba sinadari ba. Tara abin da ke fita a kofi mai awo, ka kunna agogon wayarka na minti ɗaya. Kwatanta abin da ka samu da adadin da kamfani ya rubuta. Idan ya gaza, fara bincike daga ɓangaren shiga kafin ka kwance famfon.

Ranar zuba sinadari, sa safar hannu da tabarau, kuma kada ka taɓa haɗa kulorin da asid, domin iska mai guba suke fitarwa. Sai mun haɗu a darasi na gaba.