Babur Mai Nauyi Ko Marar Nauyi: Wanne Ya Fi A Daji?

Tun da aka fara tseren Faris zuwa Dakar mahaya babur ke gardama a kan wannan batu. A tseren farko, wanda ya ratsa ta Agadas ya ƙare a Janairun 1979, Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya bisa Yamaha XT500 mai silinda ɗaya. A 1981 kuwa, Hubert Auriol ya ci da ƙaton BMW mai silinda biyu.

Kowanne da ranarsa. Babban babur yana ɗaukar mai da kaya da yawa, kuma ba ya rawa a miƙaƙƙiyar hanya. Amma da zarar an shiga rairayi ko taɓo, sai nauyin nan ya zama jidali. BMW R1250GS kilo 249 ne. In ya kā da mutum inda babu mataimaki, ga rana ga ƙishirwa, ta da shi sai an ji jiki. Ƙaramin kuwa ana ɗaga shi a ci gaba.

Saboda haka, mai niyyar shiga daji, kafin ya biya kuɗi, sai ya kwantar da babur ɗin ƙasa, ya ga ko zai iya ta da shi shi kaɗai.