Takardar Ofis Ba Gadon Gida Ba Ce

Akwai wata magana da na sha ji a majalisarmu ta bayan la'asar a Danwarai, tun lokacin da rediyo ya fara kawo labarin shari'ar Donald Trump kan takardun sirri. Wanda ya fi maimaita ta wani dattijo ne da nake kira Kawu, manomin albasa da ya san hanyar Aliero zuwa Jega kamar yunwar cikinsa. Cewa yake: "Shin mi yas sata? Kuɗi? Takarda ce fa! Mutum ya yi mulki shekara huɗu, duk abin da ke ciki ya riga ya karanta, sannan don ya tafi da su gida a kai shi kotu? Bi-ta-da-ƙulli ne kawai." Sai kowa ya gyaɗa kai, a koma zancen farashin buhu.

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, zarginka yana da tushe. A Pakistan an ɗaure tsohon firayim minista Imran Khan shekara goma a Janairun 2024 kan wata wasiƙar sirri da jakadan ƙasar ya aiko daga Amurka. A cikin gidan yari aka yi zaman shari'ar, aka yanke hukunci ana saura kwanaki kaɗan zaɓe, kuma a watan Yunin shekarar babbar kotun Islamabad ta soke shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Inda na rabu da kai shi ne "takarda ce fa".

Mu mutanen ƙasar Gwandu bai kamata mu raina takarda ba. A 1902 Baturen mulkin mallaka Lugga ya ce ya karɓi wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, ya fassara ta a matsayin shelar yaƙi, ya kafa hujja da ita a gaban magabatansa na Landan. Har yau wasu masana tarihi suna shakkar ingancinta, amma wannan shakka ba ta hana komai ba: a Maris 1903 sojojin Turawa suka shiga Sakkwato. 'Yan layuka ne a kan takarda ɗaya. Magabatanmu kuwa sun san nauyin wannan abu, shi ya sa wasiƙun da sarakuna ke aikowa Sakkwato suke bi ta hannun Waziri, da hatimi a kansu, ana adana su a matsayin kayan daula.

Amurkawa sai da suka ƙone kafin su rubuta tasu dokar. Bayan abin kunyar da ya sauke shugaba Nixon daga mulki, ya kuma so ya riƙe faya-fayan muryarsa da takardunsa, majalisarsu ta yi doka a 1978 cewa takardun aikin shugaban ƙasa na gwamnati ne, ranar da ya sauka sai su koma hannun hukumar adana kayan tarihi. Trump ya bar fadar a Janairun 2021 da akwatuna. Hukumar ta yi ta bibiya kusan shekara guda kafin a mayar mata da guda 15, aka sami takardu 184 masu tambarin sirri a cikinsu. Aka aika sammaci a Mayun 2022 cewa a kawo ragowar, lauyoyinsa suka miƙa 38, aka sa hannu cewa an bincika an kawo abin da ke nan. Ranar 8 ga Agusta jami'an FBI suka shiga gidansa na Mar-a-Lago a Florida da izinin kotu, suka fito da wasu sama da 100.

Tsaya a kan gidan nan, domin shi ne amsar "ya riga ya karanta". Mar-a-Lago wurin shaƙatawa ne da masu kuɗi ke biya su shiga, ana bukukuwa, baƙi da ma'aikata suna kai da komo. Takardar tuhumar da aka gabatar a Yunin 2023 ta zo da hotunan akwatuna a jibge a zauren taro, har da banɗaki, kuma ta ce a cikinsu akwai bayanan makaman nukiliya da wuraren da tsaron ƙasar yake da rauni. Abin da ke cikin kan tsohon shugaba ba wanda zai ɗauki hotonsa da waya. Wanda ke cikin kwali kusa da shawa kuwa, mai shara ma yana iyawa. Kuma irin waɗannan takardu sukan nuna ta inda aka samo labari, wato wani mutum a wata ƙasa da wuyansa ke rataye da rufin asirin nan.

Za ka ce ai Joe Biden ma an sami irinsu a gidansa, haka tsohon mataimakin shugaba Mike Pence, amma ba a gurfanar da su ba. Gaskiya ne, kuma sakacinsu abin zargi ne. Sai dai su da aka gani sun miƙa, sun buɗe ƙofa aka bincika. Cikin laifuka 37 da aka fara tuhumar Trump da su, akwai na riƙewa da gangan, akwai na ɓoyewa da hana bincike. Wanda ya tafi da fartanyar maƙwabci bisa mantuwa ya dawo da ita, da wanda aka zo karɓa ya tura ta ƙarƙashin rumbu ya ce babu, ko a gaban mai unguwa ba hukunci ɗaya za a yi musu ba.

Na san abin da zai biyo baya: to ba ga shi an kori ƙarar ba? An kore ta a Yulin 2024, amma mai shari'a Aileen Cannon ba ta ce bai aikata ba. Cewa ta yi naɗin mai gabatar da ƙara, Jack Smith, ya saɓa wa tsarin mulki. Ana cikin ɗaukaka ƙara Trump ya ci zaɓen Nuwamba, kuma ma'aikatar shari'arsu ba ta gurfanar da shugaba mai ci, sai aka janye. Kotu ba ta kama shi da laifi ba, kuma shi ya musanta tuhumar tun farko, wannan haƙƙinsa ne a faɗa. Amma ba a taɓa zama an auna hujjojin ba balle a ce an wanke shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda dokar ke kamawa in babba ya zille. A Nuwambar da Trump ya ci zaɓe, wata kotun Amurka ta ɗaure wani ƙaramin soja, Jack Teixeira, shekara 15 saboda ya yaɗa takardun sirri a intanet. Laifinsa ya bambanta, shi yaɗawa ya yi, amma dokar da aka tuhume shi da ita da wadda aka tuhumi Trump guda ce, ta leƙen asiri ta 1917. A nan gida muna da dokar sirrin gwamnati tun 1962, mai ɗaurin da ke iya kaiwa shekara 14, kuma ƙananan ma'aikata ake yi wa barazana da ita. A 1984 gwamnatin soja ta ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara ɗaiɗai a ƙarƙashin Doka ta 4 saboda labarin da suka buga kan naɗin jakadu. Ban yarda da yadda ofisoshinmu ke manna tambarin sirri a kan kowane fayil ba, har wanda dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce jama'a su gani. Wannan ƙorafi ne na daban. In dai akawu zai kwana a gidan yari kan takarda ɗaya, ban ga yadda za a ce wa mai akwatuna "takarda ce fa" ba.

Ka ɗauka, Kawu, a ƙungiyarku ta manoman albasa shugaba ya faɗi zaɓe, ya naɗe littafin da aka rubuta wanda ya karɓi taki da wanda ake bi bashi, ya kai ɗakinsa. Kuka aika sau uku, ya yago shafi biyu ya ba ɗan aike, ya ce shi ke nan. Ni na san ka, kai ne za ka fara saka takalmi zuwa gidan hakimi, kuma ko sabon shugaban abokin gabarsa ne, littafin dai za ka ce a fito da shi.